Asarar da Ba ta Fitowa a Littafin Akanta: Abin da Ficewar Ma'aikata ke Jawo wa Kamfani

Ranar da ma'aikaci ya ajiye takardar barin aiki a kan teburin manaja, ko sisi ba ya fita daga asusun kamfani. Hasali ma idan wata ya ƙare akanta ya duba jadawalin albashi, sai ya ga abin da za a biya ya ragu, tunda akwai kujera ɗaya da babu kowa a kanta. A takarda kamar sauƙi aka samu. Daga nan ruɗin yake farawa, kuma shi ya sa kamfanoni da yawa suke shekara da shekaru suna zubar da dukiya ta wannan ƙofa ba tare da wani ya taɓa zama ya ƙirga ta ba.

Duk kuɗin da kamfani ke kashewa yana da gurbinsa a littafin lissafi: haya, wutar lantarki, sufuri, haraji, gyaran injuna. Ficewar ma'aikata ce kaɗai ba ta da gurbi. Kuɗin tallar aiki yana shigewa cikin kasafin sashen kula da ma'aikata. Kuɗin ƙarin lokacin da aka biya waɗanda suka riƙe aikin yana narkewa cikin albashi. Kayan da sabon shiga ya lalata ana rubuta su cikin ɓarnar da aka saba gani. Shi kuwa kwastoman da ya ɗauke ƙafa saboda wanda ya saba da shi ya tafi, babu inda ake rubuta sunansa. Asarar tana nan, an dai yayyanka ta ƙanana an rarraba, har ba mai iya ganin girmanta.

Auna yawan masu ficewa ba shi da wuya. A ɗauki adadin waɗanda suka bar aiki a cikin shekara, a raba da matsakaicin yawan ma'aikatan kamfanin a wannan shekara, a mayar da shi kashi cikin ɗari. Kamfani mai mutum 200, idan 50 suka fita, to kashi 25 cikin ɗari ke nan. Sai dai ya kamata a ware wanda ya yi ritaya da wanda aka sallama daga wanda ya tafi don raɗin kansa, domin na ƙarshen nan shi ne aka fi iya hanawa, kuma sau da yawa shi ne wanda kamfani ba ya so ya rasa. Inda wahalar take shi ne sanya wa kowace tafiya farashi.

Masu bincike sun gwada. A shekarar 2012 Heather Boushey da Sarah Jane Glynn na cibiyar Center for American Progress da ke Amurka suka tattara nazarce-nazarce 30 da aka yi a kan wannan batu, suka gano cewa a mafi yawan ayyuka maye gurbin ma'aikaci ɗaya yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na albashinsa na shekara. A ayyukan da albashinsu bai kai dala 30,000 a shekara ba, kimanin kashi 16 cikin ɗari ne. A manyan muƙaman shugabanci kuwa ya kai har kashi 213, wato ya zarce albashin shekara biyu. Kamfanin binciken ra'ayin jama'a na Gallup ya fitar da nasa ƙiyasin a 2019, inda ya ce abin yana kamawa daga rabin albashin shekara zuwa ninki biyu, kuma masu barin aiki don kansu suna jawo wa kamfanonin Amurka asarar dala tiriliyan 1 duk shekara.

Tazarar da ke tsakanin kashi 16 da kashi 200 tana da yawa, kuma ina ganin bai kamata kowa ya ɗauki lamba ɗaya daga ciki ya riƙe kamar hukunci ba. Bambancin yana fitowa ne daga irin aikin da kuma abin da mai lissafin ya yarda ya ƙirga. Wanda ya tsaya a kan abin da ke da rasit zai samu ƙaramar lamba. Wanda ya sa har da aikin da bai samu ba, da kurakurai, da cinikin da ya kuɓuce, lambarsa za ta yi sama. Yana da kyau kuma a tuna cewa wasu daga cikin masu fitar da manyan alƙaluma sana'arsu ce sayar wa kamfanoni shawarar yadda za su riƙe ma'aikata. Wannan bai sa maganarsu ta zama ƙarya ba, amma ya isa ya sa mai kamfani ya zauna ya yi lissafin gidansa da kansa.

Lissafin kuwa tun kafin a kawo takarda yake farawa. Mutum ba ya wayar gari kawai ya ajiye aiki. Makonni, wani lokaci watanni, yana neman wani wuri, yana fita zuwa intabiyu da sunan uzuri, jikinsa na ofis hankalinsa na wani waje. Ba zai fara wani aiki mai tsawo ba, don ya san ba shi zai ƙarasa ba. Albashinsa cikakke ake biya, amma aikin ya riga ya fara raguwa. Bayan ya tafi sai a biya shi haƙƙoƙinsa, kuɗin hutun da bai ci ba da garatuti idan yana da shi, sannan a shiga zaman jiran wanda zai gaje shi.

Bari mu yi misali da watannin albashi, don kowa ya iya sa nasa adadin. A ce kujerar ta yi wata biyu babu kowa. An tsira da albashin wata biyu, gaskiya ne, amma ai ba don ado aka ɗauki mutumin ba. Aikin da yake yi ya fi albashinsa daraja, in ba haka ba da tuni an rufe gurbin. To a watannin nan ko dai aikin ya tsaya, ko a biya wasu kuɗin ƙarin lokaci, ko a ɗauko na wucin gadi wanda yawanci ya fi tsada. Sannan ga talla, ga tace takardun masu nema, ga manajoji biyu ko uku da za su bar nasu aikin su zauna kwanaki suna ganawa da mutane. Idan aka bi ta hannun kamfanin samo ma'aikata, shi ma zai yanki kasonsa daga albashin shekarar farko. An samu mutum, ya fara. A wata ukun farko da ƙyar yake yin rabin abin da tsohon ke yi, a wata uku na gaba ya kai kashi uku cikin huɗu. Wannan giɓin kaɗai ya haura albashin wata biyu. Kuma yana koyo ne a hannun wani tsohon hannu, wanda shi ma nasa aikin ke ja da baya duk lokacin da aka taɓa shi aka ce, "Don Allah zo ka duba mini wannan." Kafin a ankara an haɗa albashin wata huɗu ko biyar, alhali ba a sa kuskure ko ɗaya a lissafin ba, ba a kuma sa kwastoma ko ɗaya da ya tafi ba.

Ɓangaren da ya fi damuna shi ne wanda ba ya ƙirguwa. Na taɓa aiki a wani kamfanin rarraba kaya inda wata mata ta yi shekara tara tana kula da takardun karɓar kaya da biyan dillalai. Ba babban muƙami ba ne, teburinta ma a lungu yake kusa da ƙofar sito. Da ta nemi ƙarin albashi aka ce ta yi haƙuri sai baɗi. Ta yi haƙurin shekara biyu, sannan ta samu wani wuri. Ta bar takardar miƙa aiki mai shafi huɗu, a tsare, babu abin da za ka ce ta ɓoye. Amma takardar ba ta faɗi cewa akwai wani dillali da yake yawan turo takardar neman biya sau biyu da lambobi daban-daban ba, domin ita ba ta ɗauki wannan a matsayin ilimi ba, idonta ne kawai ya saba kamawa. Ba ta faɗi cewa wani babban kwastoma ba ya amsa saƙon imel, sai an kira mataimakinsa da safe ba. Saurayin da ya gaje ta mai ƙoƙari ne, takardun karatunsa sun fi nata. A watansa na biyu aka biya dillalin nan sau biyu, kuma sai da aka yi wata uku ana kai da kawowa kafin kuɗin ya dawo. Na ga ranar da ya zauna da fayil-fayil a gabansa, ya dafe kai, yana tambayar kowa ko akwai mai lambar wayarta. Kafin shekara ta zagayo mutum biyu ke yin aikin da ita kaɗai take yi.

Abin da ya fita tare da ita bai taɓa shiga jerin kadarorin kamfanin ba, alhali kamfanin ne ya biya kuɗin tara shi, wata bayan wata, har shekara tara. Irin wannan sanin ba a sayo shi a kasuwa, domin a wurin ya tsiro. Boris Groysberg na makarantar kasuwanci ta Harvard da abokan aikinsa sun bi diddigin fitattun masu nazarin hannayen jari sama da 1,000 a Wall Street, cibiyar hada-hadar kuɗi ta birnin New York, suka ga cewa idan gwani ya koma wani kamfani yawanci ƙwazonsa yana faɗuwa, kuma faɗuwar kan ɗauki shekaru. Ashe wani kaso na gwanintar tasa yana jikin abokan aikinsa ne, da tsarin wurin, da sanin wanda za a kira idan abu ya cije. Matthew Bidwell na makarantar kasuwanci ta Wharton shi ma ya wallafa wani bincike a 2011 da ya nuna cewa waɗanda aka ɗauko daga waje ana biyansu kusan kashi 18 cikin ɗari fiye da na gida da aka ɗaga zuwa irin wannan muƙami, amma a shekara biyun farko makin aikinsu ya fi ƙasa, kuma sun fi saurin barin wurin.

A nan ne abin yake ba ni takaici. Kamfani zai hana tsohon ma'aikacinsa ƙarin kashi 10, ya tafi, sannan ya je kasuwa ya ɗauko baƙo da ƙarin da ya fi haka, domin farashin kasuwa ya riga ya wuce inda aka tsayar da na gida. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma albashi ba ya ɓoyuwa a wurin aiki. Ranar da sauran tsofaffin hannu suka ji abin da ake biyan wanda su ne ke koya masa aiki, ranar wasu za su fara gyara takardun neman aikinsu.

Shi ya sa ficewa take yaɗuwa kamar annoba. Mutum ɗaya ya tafi, aikinsa ya hau kan mutum uku da dama can a gajiye suke. Suna kallon hotunansa a sabon wuri, suna jin labarin abin da ake ba shi, shi kuma idan sabbin iyayen gidansa suka tambaye shi ko ya san wani ƙwararre, sunayensu zai bayar. Kamfanonin da ake gasa da su ba barci suke yi ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Matsalar ba ta yau ba ce. A shekarar 1913, shekarar da kamfanin motoci na Ford ya fara haɗa mota a kan layi mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park da ke jihar Michigan, aikin ya zama maimaita motsi ɗaya daga safe har yamma, mutane kuwa suka dinga gudu. Sai da kamfanin ya ɗauki mutum sama da 50,000 a wannan shekara don kawai ya riƙe ma'aikata kusan 14,000. Yawan ficewar ya kai kashi 370 cikin ɗari. A ranar 5 ga Janairun 1914 Henry Ford ya sanar da cewa zai riƙa biyan dala 5 a rana, alhali a da ana biyan kimanin dala 2.34, ya kuma rage aikin yini daga awa tara zuwa takwas. Ba kyauta ba ce zalla, domin wani kaso na kuɗin rabon riba ne mai sharuɗɗa, har da masu bincike da ake turawa gidajen ma'aikata su duba yadda suke rayuwa, abin da ni a ganina shiga haƙƙin mutane ne. Amma sakamakon bai ɓuya ba: ficewa ta sauka zuwa kashi 54 a 1914, sannan kashi 16 a 1915, fashin zuwa aiki ya ragu, ribar kamfanin kuma ta ci gaba da hawa. Daga baya Ford da kansa ya lissafa wannan ƙarin albashi cikin matakan rage kashe kuɗi mafi kyau da suka taɓa ɗauka.

Kusan shekara 90 bayan haka, a 2006, masanin harkar kula da ma'aikata Wayne Cascio ya kwatanta manyan kantunan Amurka biyu masu sayar da kaya iri ɗaya, Costco da Sam's Club na kamfanin Walmart. A lokacin Costco yana biyan kimanin dala 17 a awa, nesa da abin da ɗayan ke biya, kuma ficewar ma'aikatansa kashi 17 ce a shekara, yayin da ta ɓangaren Walmart ta kai kashi 44. A ƙiyasin Cascio, maye gurbin masu tafiya yana cin Costco dala miliyan 244 a shekara, Sam's Club kuwa dala miliyan 612. Sam's Club ya fi yawan ma'aikata, amma ko da aka raba a kan kowane mutum, mai arhar albashin ne ya fi jin jiki ta wannan fuska. Araha ba ta ado. Kamfanoni da yawa ba su ji zafin abin sosai ba sai bayan annobar korona, lokacin da alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka suka nuna mutum sama da miliyan 47 sun ajiye aiki don kansu a 2021, miliyan 4.5 a watan Nuwamba kaɗai, sannan sama da miliyan 50 a 2022.

Duk da haka ba zan ce ƙarin albashi kullum yana biyan kansa ba, domin lissafi ba ya goyon bayan wannan magana a ko'ina. Ɗauki kamfani mai mutum 100 da albashinsu ɗaya. Ƙara wa kowa kashi 10 daidai yake da biyan albashin shekara na mutum 10. Idan tafiyar mutum ɗaya tana cin kashi ɗaya cikin biyar na albashinsa, sai an hana mutum 50 tafiya kafin ƙarin ya mayar da kuɗinsa ta wannan hanya kaɗai. Idan kuwa aikin na ƙwararru ne wanda tafiyar mutum ɗaya ke cin albashin shekara guda, hana mutum 10 ya wadatar. Wannan ne dalilin da wasu kamfanoni masu ayyukan da ake koya cikin kwana biyu suke barin ƙofa a buɗe da saninsu, suna ɗauka suna rasawa. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2021 cewa ficewar ma'aikatan rumbunan Amazon da ake biya a kan awa ta kai kusan kashi 150 cikin ɗari a shekara tun kafin annobar. Irin wannan tsari yana tafiya ne muddin akwai layin masu neman aiki a bakin ƙofa, kuma mutanen kowane yanki suna da iyaka. Laifin da nake gani shi ne a ɗauko wannan tunani a ɗora shi a kan aikin da sai an shekara kafin a iya shi, kamar na ma'aikaciyar jinya, ko malamin makaranta, ko mai gyaran injin, ko matar nan ta bakin sito.

Akwai kuma dalilin da ya sa manajoji masu hankali suke yin wannan kuskure, kuma yana cikin yadda aka tsara kasafi. Ƙarin albashi daga kasafin sashen manaja yake fita, da sa hannunsa, kuma shi za a tambaya a taron ƙarshen shekara. Kuɗin neman sabo da horar da shi daga wani aljihu yake fita. Don haka manajan da ya ƙi ƙarin ya bar mutum ya tafi, a takarda ya yi tsimi, har ma a yaba masa. Da za a riƙa ɗora wa kowane sashe kuɗin mutanen da ya rasa, ko da ƙiyasi ne, da yawancin amsoshin "ka yi haƙuri sai baɗi" sun canza.

Ba kowace tafiya ce asara ba, wannan ma a faɗe shi. Wanda ya zame wa abokan aikinsa ƙaya, ko ya daɗe da daina aiki yana jiran albashi kawai, tafiyarsa sauƙi ce, kuma wurin da babu mai fita babu mai shiga yakan daskare. Shi ya sa lamba ɗaya ta duk kamfani ba ta faɗar komai sai an fasa ta. Su wane ne ke tafiya, gwanaye ko raunana? Daga ƙarƙashin wane shugaba? Bayan wata nawa da ɗaukarsu? Wanda ya tafi a cikin wata ukunsa na farko asara ce tsagwaronta, an kashe kuɗin nema da na horo bai kai ga mayar da komai ba, kuma yawanci alama ce ta cewa abin da aka faɗa masa a intabiyu ba shi ya tarar ba, ko kuwa an ajiye shi a kujera an manta da shi. Idan kuma aka ga sashe ɗaya yana zubar da mutane ninki uku na sauran alhali albashinsu ɗaya, to ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san inda za a duba.

A cikin binciken Gallup ɗin nan na 2019 akwai lambobi biyu da suka fi tiriliyan ɗin tsaya mini a rai. Kashi 52 cikin ɗari na waɗanda suka bar aiki don kansu sun ce akwai abin da manajansu ko kamfanin zai iya yi da ya hana su tafiya. Kashi 51 kuma sun ce a wata ukun da suka gabaci tafiyarsu babu wani shugaba da ya zauna da su ya tambaye su yadda suke jin aikin, ko inda suke ganin makomarsu a wurin. Kamfanoni da yawa suna da fom na musamman da ake cikewa ranar sallama, ana tambayar mai tafiya abin da ya kore shi, shi kuma yana ba da amsar da ba za ta ɓata masa takardar shaida ba. Matar da na ba da labarinta ma an ba ta irin wannan fom a ranarta ta ƙarshe. A gurbin da aka tambayi dalilin tafiya ta rubuta cewa ta samu wata dama, ta sa hannu, ta miƙa makullin durowarta.